Aikin Kula Da Zirga-zirgar Jiragen Sama: A Share Wa 'Ya'yan Damagaram Hanya

A ranar 6 ga watan Agustan 2023, kwana 11 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mahukuntan Nijar sun sanar da rufe sararin samaniyar ƙasar. Kafin gari ya waye, kamfanonin jiragen da ke jigila tsakanin Turai da ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Kudu sun shiga sake lissafi. Wasu jiragen da suka riga suka tashi sun juya inda suka fito, wasu kuma suka riƙa yin dogon zagaye, abin da ya ƙara musu tsawon tafiya da kuɗin mai. Haka aka ci gaba har ranar 4 ga Satumba da aka sake buɗe hanya.

Wannan wata guda ya tuna wa duniya abin da 'yan ƙasa da yawa ba su lura da shi ba: saman da ke bisa gonakin gero na Damagaram da rairayin Agadas babbar hanya ce ta ƙasa da ƙasa, kuma duk jirgin da ya ratsa ta kuɗi yake biya. Rufe irin wannan hanya sanarwa guda ta isa. Tafiyar da ita dare da rana ba tare da an yi asarar rai ba kuwa aiki ne na wasu mutane ƙalilan da aka horar, wato jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama. A lokacin da maganar diyaucin ƙasa ta cika gidajen rediyo da fadodin matasa, ya dace a tambaya: ta wace hanya ɗan manomi daga gari irin Tirmini zai shiga sahun waɗannan mutane?

Da farko, mene ne aikin? Galibin fasinjoji matuƙi da ma'aikatan cikin jirgi kawai suka sani. Amma tun kafin jirgi ya motsa daga inda yake tsaye, sai matuƙi ya nemi izini daga jami'in da ke cikin hasumiyar filin jirgi. Shi ke ba da titin da za a bi, shi ke ba da izinin tashi da na sauka. Idan jirgin ya ɗaga, sai ya miƙa shi ga wani jami'in da ke tsara jiragen da ke hawa da masu gangarowa a kewayen filin. Daga nan sai cibiyar da ke kula da manyan hanyoyin sama ta karɓa, ta riƙe shi har iyakar yankinta, sannan ta miƙa wa cibiya ta gaba. Jirgin da ya tashi daga Paris zuwa Legas yana wucewa ta hannun jami'ai da dama da fasinja ba zai taɓa ganin fuskarsu ba.

Zuciyar aikin ita ce raba jirage da juna. A can sama inda manyan jirage ke tafiya, ƙa'ida ita ce a bar ƙafa 1,000, kimanin mita 300, tsakanin na sama da na ƙasa. Inda ake ganin jirage a allon rada, akan bar aƙalla kimanin kilomita 9 tsakanin biyun da ke tsayi ɗaya. Ana iya ganin tazarar da yawa, sai an tuna cewa jirage biyu da ke fuskantar juna, kowanne na gudun sama da kilomita 800 a awa, suna cinye kusan rabin kilomita a daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan ƙurarren lokaci ne jami'i zai duba, ya yanke shawara, ya faɗa wa matuƙi, ya kuma saurari matuƙin ya maimaita masa umarnin daidai. Ga hadarin damina da ke sa matuƙa neman kaucewa, ga hazon hunturu da ke rufe ido a filayen Zinder da Kano.

Tarihin sufurin sama ya nuna abin da ke faruwa idan wannan sarƙa ta tsinke. A ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 sun yi karo a kan titin filin jirgin tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar kalmomi tsakanin matuƙi da hasumiya na cikin musabbabin. A ranar 13 ga Satumban 1997, wani jirgin sojan Jamus da ya yada zango a Yamai ya yi karo da jirgin sojan Amurka a gaɓar tekun Namibiya, mutum 33 suka halaka. Bincike ya nuna jirgin Jamus ɗin na tafiya a tsayin da bai dace da alƙiblarsa ba, kuma bayanan tafiyarsa ba su isa ga cibiyoyin da ke gaba yadda ya kamata ba. A daren 1 ga Yulin 2002 kuma, jirage biyu sun yi karo a saman kudancin Jamus, mutum 71 suka mutu, mafi yawansu yara, a lokacin da jami'i ɗaya tilo ke riƙe da aikin mutum biyu a cibiyar Zurich. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Shi ya sa duniya ba ta wasa da zaɓen waɗanda za a zaunar a kan wannan kujera.

Abin da ya kamata ya ja hankalin matasan Nijar shi ne, makarantar da ke horar da irin waɗannan jami'ai domin ƙasashe da dama na Afirka tana cikin ƙasarsu. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa ranar 12 ga Disamban 1959 a birnin Saint-Louis na Senegal, mai hedikwata a Dakar, ita ke kula da sararin samaniyar yawancin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da Madagaska. Faɗin saman da ke hannunta ya haura murabba'in kilomita miliyan 16, an kasa shi yanki shida, kuma ɗaya daga ciki sunan Yamai yake ɗauke da shi. Babban kuɗin shigarta daga harajin da kamfanonin jirage ke biya yake fitowa. Makarantarta ta koyon ilimin yanayi da sufurin sama, EAMAC, tana Yamai tun 1963, kuma ɗalibai daga Senegal, Kamaru, Chadi, Madagaska da sauran ƙasashe ke zuwa su yi karatu a cikinta. Daga 2017 zuwa ƙarshen 2024, ɗan Nijar ne, Mohamed Moussa, ya shugabanci hukumar baki ɗaya. Ke nan ba sai an keta hamada ko an hau kwalekwale ba kafin a kai ƙofar wannan sana'a. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Sharuɗɗan ma ba ɓoyayyu ba ne. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta tanadi cewa ba a ba mutum lasisin wannan aiki sai ya kai shekara 21, ya kammala horon da aka amince da shi, ya yi aƙalla wata uku yana aiki ƙarƙashin idon ƙwararre, ya kuma ci gwajin lafiya na musamman da ya haɗa da gani, da ji, da iya bambanta launuka. Tun 2008 an wajabta wa jami'an da ke hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu cikin matakai shida na iya Ingilishi, kuma wanda ya tsaya a mataki na huɗun akan sake gwada shi bayan 'yan shekaru. Shiga EAMAC kuwa ta hanyar jarrabawar gasa ce, wadda aka fi sani da konkur, inda lissafi, fizik, Faransanci da Ingilishi ke yin hukunci, sannan akwai iyakar shekarun haihuwa. Takardar shaidar karatun da ake nema da yawan guraben da ke akwai, sanarwar kowace shekara ce ke fayyace su.

A nan ne maganar Tirmini ta shigo. Wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Takeita tana yamma da birnin Zinder, a kan babbar hanyar da ta nufi Maradi da Yamai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba daga filin jirgin saman Zinder. Duk ɗan Damagaram ya san sunanta a tarihi, domin a nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa a ƙarshen watan Yulin 1899, kafin birni ya faɗa hannun Turawa. Babbar makarantar lise ta Zinder ma sunan wannan sarki take amsawa. Amma kusancin Tirmini da filin jirgi bai rage wa yaronta nisan hanyar zuwa hasumiya ba, domin shingayen da ke gabansa tun daga aji na farko suke somawa.

Shinge na farko takarda ce. Har yanzu ana haihuwar yara a ƙauyuka ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya a je kotu a ƙiyasta shekaru. A jarrabawar da ke da iyakar shekaru, kuskuren shekara ɗaya ko saɓanin rubutun suna tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta ya isa ya fitar da yaro daga layi. Shinge na biyu shi ne kimiyya. Makarantun karkara da yawa na fama da ƙarancin malaman lissafi da fizik, ɗakin gwaje-gwaje kuwa sai dai a ji labari. Yaron da ya ci BEPC sau da yawa sai ya koma birni, ya nemi mai masauki, ya yi karatu da yunwa. Da dama daga cikin masu kaifin ƙwaƙwalwa kan guje wa sashen C, wanda shi ne ya fi ba da ƙarfin lissafi, saboda tsoron faɗuwa jarrabawar Bak, ko kuma don babu ajin a kusa. Shinge na uku Ingilishi ne, wanda ake koyarwa a allo ana haddacewa, ba tare da ɗalibi ya saba buɗe baki ya yi magana ba. Na huɗu kuma, wanda ya fi sauƙin kawarwa amma ya fi yin ɓarna, shi ne rashin labari. Sanarwar da ta fito da Faransanci a shafin intanet ko a allon wani ofis a Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, kan zo ta wuce ɗan ƙauye bai ji ba.

Jihar Damagaram ita ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3 da rabi a ƙidayar 2012. Idan jarrabawar da aka ce ta kowa ce ta zama a aikace ta 'ya'yan manyan makarantun babban birni, to ƙasa ce ke asara, domin tana zaɓen masu tsaron samanta daga cikin ɗan ƙaramin kaso na ƙwaƙwalen da Allah ya ba ta. Wannan asara ta fi tsanani a ɓangaren 'yan mata. Aikin hasumiya ba ya neman ƙarfin damtse, natsuwa da saurin tunani yake nema, kuma mata na yin sa a ƙasashen ASECNA da ma duniya baki ɗaya. Yarinyar da aka cire daga makaranta tana aji uku na kwaleji ba za a taɓa sanin abin da za ta iya ba.

Sai dai Damagaram na da wata dama da ba ta cin moriyarta. Maƙwabtaka da Kano, Katsina da Jigawa ta sa gidaje da yawa na da 'ya'ya da jikoki da suka tashi a Najeriya ko Gana, suka yi karatu da Ingilishi. Irin wannan yaro, idan yana da takardar zama ɗan ƙasa, ya daidaita shaidar karatunsa, ya kuma gyara Faransancinsa, ya riga ya tsallake shingen da ke kayar da wasu. A ɗaya ɓangaren iyakar ma sana'ar na da tsohon tarihi. Tun a watan Nuwamban 1925 jiragen sama suka sauka a Kano, kuma har yau yankin sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa. Kwalejin koyon sufurin sama ta Zariya, NCAT, da aka kafa a 1964, ita ke horar da jami'an da hukumar NAMA ke amfani da su. Abin lura dai shi ne kowace hukuma da tsarin ɗaukar ma'aikatanta, kuma takardar wata makaranta ba ta zama kujerar aiki kai tsaye a wata ƙasa ba. Ga 'ya'yan da aka haifa a ƙasashen Yamma, a Amurka ana kukan ƙarancin irin waɗannan jami'ai da kusan mutum 3,000, amma sai ɗan ƙasa, kuma wanda bai kai shekara 31 ba, ake ɗauka.

Gaskiya ɗaya ce, bai kamata a yaudari matasa ba. Wannan aiki ba zai share hawayen dubban marasa aikin yi ba, domin guraben kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Wanda ya samu ma ba hutu ya samu ba. Aikin karɓa-karɓa ne, da dare da rana, da ranar Juma'a da ranar Sallah. Ana maimaita gwajin lafiya a kai a kai, kuma ciwon da ya taɓa ido ko zuciya na iya raba mutum da lasisinsa. Ƙwayoyi irin su taramol, da suka yi wa matasan birane katutu, ba su da wuri a wannan fage ko kaɗan. Su kansu masu aikin suna da koke. A ranar 23 ga Satumban 2022, haɗaɗɗiyar ƙungiyar jami'an ASECNA ta tsunduma yajin aiki kan yanayin aiki da haƙƙoƙinta, aka soke tashin jirage da dama a birane irin su Dakar da Abidjan, kafin a dakatar da yajin washegari. Duk da haka, wanda ya shirya wa wannan jarrabawa bai yi asara ba ko da bai ci ba. Lissafi, fizik da Ingilishin da ya ƙware a kansu su ne mabuɗin sauran sassan EAMAC, kamar hasashen yanayi da gyaran na'urorin sadarwa, da ma wasu makarantun injiniya.

Saboda haka akwai matakan da ba sa buƙatar biliyoyin kuɗi. Na farko, hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, ANAC, da wakilcin ASECNA a Nijar su tabbatar da cewa duk sanarwar jarrabawa ta isa jihohi da wuri, a karanta ta a gidajen rediyon al'umma cikin harsunan ƙasa. Tunda kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, babu dalilin da zai sa uba a Tirmini ya kasa jin irin wannan labari da harshensa. A kuma tsara yadda ɗan Damagaram zai ajiye takardunsa ya rubuta matakin farko a Zinder, don kada kuɗin mota da na masauki su yi masa hukunci tun kafin alƙalami ya yi.

Na biyu, ma'aikatar ilimi da hukumomin jiha su ba makarantun karkara fifiko wajen tura malaman lissafi, fizik da Ingilishi, su kuma samar da wurin kwana ga ɗaliban ƙauye da suka cancanci sashen kimiyya, musamman 'yan mata. Na uku, Jami'ar André Salifou ta Zinder, da aka buɗe a 2010, ta ware ajin share fage na 'yan watanni ga masu niyyar shiga irin waɗannan jarrabawoyi, da tsofaffin tambayoyi da atisayen magana da Ingilishi. Na huɗu, shugabannin filin jirgin Zinder su riƙa karɓar ɗaliban kwaleji da lise, ko sau ɗaya a shekara, su ga hasumiya da ofishin yanayi da idonsu. Yaro ba ya burin abin da bai taɓa gani ba. Na biyar, ofishin magajin garin Tirmini da masu garuruwa su mayar da takardar haihuwa abin da ake bi gida gida, fadar Sarkin Damagaram kuma ta sa baki, domin maganarta na da nauyi a kunnen iyaye.

'Yan ci-rani ma na da nasu kason. Kuɗin da ake aikowa daga Legas, Kwatano, Aljeriya, Libiya ko Turai galibi a cefane, biki da gini suke ƙarewa, kuma babu mai ganin laifin haka. Amma ƙungiyar 'yan gari guda da ke waje za ta iya ɗaukar nauyin malamin lissafi na ƙarin darasi, ko kuɗin takardu, mota da gwajin lafiya na yara biyu ko uku da malamansu suka shaida hazaƙarsu. Su kuma yi hattara da 'yan damfara masu cewa suna da hanya a ciki. Gurbin da ake samu da jarrabawa, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sayo shi, aljihunsa yake yi wa aiki.

Shi kuwa matashin da ke sha'awar wannan sana'a, shirinsa ba ranar fitowar sanarwa yake farawa ba. Ya duba takardunsa tun yanzu ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a ko'ina. Ya riƙe lissafi da fizik da hannu biyu. Wayar da yake kashe dare da ita a fada, ya mayar da rabin lokacin wajen sauraron Ingilishi da maimaitawa da baki. Ya je a duba masa ido da wuri, don ya san matsayinsa kafin ya zuba shekaru. Ya riƙa bibiyar shafukan ASECNA da EAMAC da kansa, kada ya dogara da jita-jitar WhatsApp. Da rashin tayi akan bar arha.

Makarantar tana Yamai fiye da shekara 60, jiragen kuma na ratsawa ta saman Damagaram kowane dare. Abin da ya rage shi ne a gyara hanyar da ke tsakanin ajin ƙauye da ƙofar jarrabawa. Nauyin wannan gyara na kan hukumomin jiha, da ma'aikatar ilimi, da ANAC da ASECNA, da iyaye na gida da na waje, kuma sabuwar shekarar karatu mai zuwa ta isa a ga wanda ya fara sauke nasa.